Dabaibayi

Kafin a ɗaga ƙofar shago, Auta ya riga ya gama da ƙaramar kwamfutar. Ya buɗe mata manhajoji a ɓoye har sai da ya ji fankar cikinta ta fara huci, ya rage hasken fuskarta ta yi dishi-dishi, sannan ya ɗan karkata ta wajen taga, inda ranar hantsi za ta dake ta ta ƙara dusashewa. Ya danna wani hoto don gwaji. Ɗan zoben nan na jira ya fito tsakiyar allo yana ta juyawa, hoton bai buɗe ba sai da Auta ya gama ɓalla maɓallan hannun rigarsa.

"Ta ɗauru?" Manaja ya tambaya daga bayan kanta, bakinsa cike da burodi.

"Ta ɗauru, yallaɓai."

Dabaibayi ake ce wa wannan aiki a shagon, kuma a kan Auta ya faɗa don shi ya fi kowa sanin cikin kwamfuta. Ƙaramar lafiyarta ƙalau. Irinta ce a gidansa shekara da shekaru, ba ta taɓa ba shi kunya ba. Laifinta ɗaya, araha gare ta, kuma kusa da ita aka ajiye babbar.

Babbar kuwa Gimbiya suke ce mata. Tana zaune a kan teburin gilashi ita kaɗai, da fitila a samanta, jikinta na ƙarfe mai sanyi, siririya, hannu ɗaya ya ɗaga ta. Kuma gaskiya ɗaya ce, Gimbiya ta iya aiki. Mai zanen gine-gine ko mai haɗa fim in ya same ta ya samu abokiyar tafiya. Sai dai kuɗinta ya sayi irin ƙaramar guda huɗu har da canji, su kuma masu zanen da masu fim ɗin sun daina zuwa. Wanda ya leƙo ma sai ya shafa ta, ya kalli farashin, ya yi 'yar dariya ya ce tasa ta bara waccan ba ta ce ta gaji ba tukuna. Kwalayenta suka taru a sito har suka toshe tagar sama, ƙura tana hawansu.

Shi ya sa Manaja ya sauya farauta. Wata safiya ya tara su su uku masu sayarwa, da Auta da Doguwa da Sarkin Surutu, ya ce su daina ɓata yawunsu a kan masu kuɗi.

"Waɗannan sun san abin da suke buƙata, ba ku da abin gaya musu," in ji shi. "Ku sa ido a kan uban da ya shigo da ɗansa a gaba. Shi ba kwamfuta ya zo saye ba. So yake kada a raina masa ɗa. Ku bar shi ya taɓa duka biyun da hannunsa, ku kuma ku rage magana."

Sannan ya faɗi abin da ya hana Auta sakewa tun ranar. Mai shago ya ce ba zai iya riƙe mutum uku ba. Duk wanda wata ya ƙare bai fitar da Gimbiya ko ɗaya ba, ya ajiye rigar aiki. Doguwa ta fitar da tata ga wani direba, Sarkin Surutu ya fitar ga wata mai ɗinki. Auta ne kaɗai ya rage, wata ya kusa ƙarewa, ga matarsa a gida cikinta ya tsufa, ko sunkuyawa ba ta iya yi.

* * *

Yana cikin sito yana goge kwalaye ya ji muryar da ko a mafarki ya san ta.

"Ƙanena ne ke aiki a nan. Wani ɗan siriri mai gilashi. Ku ce masa kafinta ne ke sallama."

Auta ya ajiye kwalin da ke hannunsa. Yayansa ne, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, ya sa shi makaranta, ya yi masa aure. Kwanakin baya Yaya ya kira shi cikin murna ya ce 'yarsa ta fari ta samu gurbi a makarantar koyon jinya, kuma an ce kowace ɗaliba ta zo da kwamfuta. Auta ya ce masa kada ya zo shago, shi zai zaɓa ya kawo har gida. Ya manta da halin mutumin. Yaya ko ƙusa ba ya saye sai ya juya ta a tafinsa.

Da ya fito ya same su tsaye a tsakiyar shago. Yaya ya sa rigarsa ta fita unguwa, amma garin katako bai bar gashin hannunsa ba. Yarinyar tana bayansa, ta rungume jakarta. Likita uban ke ce mata tun ranar da takardar makaranta ta fito, ita kuma ta gaji da gyara masa.

"Baba Ƙarami, ina kwana," ta ce, ta ɗan rusuna.

"Lafiya lau, 'yata. Yaya, ai na ce ka jira ni."

"In jira ka ka kawo mini abu a kwali kamar magani? Ni fa sai na taɓa."

Manaja ya riga ya zagayo daga bayan kanta, fuskar nan kamar an ba shi kyautar mota. Ya ba Yaya hannu biyu-biyu, ya sa aka kawo kujera da ruwan sanyi.

"Ashe babban baƙo muka yi. Auta, nuna wa yayanka kaya mana. Ka nuna masa duka, kada ka ɓoye masa komai."

Bai koma bayan kanta ba. Ya jingina da ginshiƙi, ya harɗe hannuwa.

Yaya ya fara da ƙaramar, don ita ce ya tambayi kuɗinta ya ji ya yi daidai da abin da ya tanada. Ya ƙwanƙwasa murfinta da bayan yatsa yadda yake yi wa katako, ya ɗaga ta ya auna nauyi, ya ce wa 'yar ta danna ta gani. Ta danna. Zoben ya fito yana juyawa. Suka tsaya su huɗu suna kallonsa, shagon ya yi tsit sai hucin fanka.

"Tunani take yi?" Yaya ya ce. "Ko addu'a?"

Manaja ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce a gwada ta kusa da ita, ba don a saya ba, don dai a ga bambanci. Yarinyar ta taɓa Gimbiya da ɗan yatsa ɗaya, hoton ya buɗe kafin ta ɗauke yatsan, launinsa tar kamar a miƙa hannu a ɗauka. Ta ja numfashi ba ta sani ba. Uban ya ji, kuma Auta ya ga lokacin da ya ji.

"Baba, waccan ma ta ishe ni," ta yi saurin cewa. "Rubutu ne kawai da karatu."

"Ki yi shiru, Likita. Malami ya ce a buɗe shafi, kowa ya buɗe, ke kina zaune kina kallon zobe?"

Ya tambayi kuɗin babbar. Da aka faɗa, sai ya cire hularsa ya duba cikinta ya mayar. Sannan ya juyo ga ƙanensa, ya rage murya, irin muryar da yake yi masa magana da ita in za a yanke shawarar gida.

"Auta, tsakaninka da Allah, ƙaramar nan haka take?"

Amsar tana bakin Auta, gajeriya ce, ba ta da wuyar faɗa. Da ya miƙa hannu ya kashe kwamfutar ya sake kunnawa, da shi ke nan. Ya ji idon Manaja a ƙeyarsa. Ya tuna ƙafafun matarsa da suka kumbura har takalmi ba ya shiga.

"Ai ka gani da idonka, Yaya," ya ce.

Yaya ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce a ajiye masa babbar zuwa farkon mako.

* * *

Da yamma Auta ya kasa cin abinci. Matarsa tana zaune a bakin gado, ta jingina bayanta da filo, tana ninke 'yan kayan jarirai da maƙwabciya ta ba ta aro. Ya gaya mata komai, bai rage ba, yana fata a ransa ta ce masa ai ba laifinsa ba ne, ko ta ce ya tuna da abin da ke cikinta. Da ta faɗi haka da ya samu wanda zai raba kayan da shi.

"Ka je ka gaya masa," ta ce, ba ta ɗago ba.

"In na gaya masa na rasa aikin."

"Na sani."

"Kin san yadda gari yake kuwa? Masu digiri biyu suna yawo da takardu."

"Na sani, na ce. Ba za mu mutu ba." Ta shimfiɗa wata 'yar riga a cinyarta, ta lallatse wuyan da tafinta. "Mutumin nan shi ya biya kuɗin gadon da nake zaune a kai. Ni dai ba zan iya kallon idonsa ranar da zai zo ganin jariri ba."

Haushi ya kama shi, ba don ta yi kuskure ba. Ya ce ai bai yi ƙarya ba, cewa ya yi Yaya ya gani da idonsa. Ya ce kuma Gimbiya ba jabu ba ce, kaya ne na gaske, za ta yi wa yarinyar shekaru. Matar ta bar shi ya gama, sannan ta tambaye shi ko zai sha shayi.

Washegari ba aiki. Ya yi wanka da wuri, ya shirya maganarsa a hanya, ya gyara ta ya sake gyarawa. Zai ce Yaya ya yi haƙuri, jiya akwai ido a kansa. Zai ce ƙaramar ta fi ƙarfin abin da Likita za ta yi da ita.

Da ya karyo kwanar layin, sai ya ga motar ɗaukar kaya a ƙofar shagon kafinta. Ƙarti suna ta nishi, sun ɗaura igiya a jikin injin yankan katako suna jan shi a kan falankai zuwa bayan motar. Injin nan ne ya mai da Yaya mai karɓar aikin ƙofofi da kabad na gidaje, bayan shekarun da ya yi yana gyaran kujerun mutane. Yaya yana gefe yana ba da umarni, yana cewa a kula da wayar, a kula da haƙoran.

"A'a, mutumin kwamfuta!" ya ce da ya hango shi. "Ka zo a daidai. Kama musu can."

"Yaya, me ke nan?"

"Me ka gani? Na samu mai saye, bai ma ja ciniki ba."

"Da me za ka yi aiki?"

Yaya ya ɗaga hannayensa biyu ya juya su. "Waɗannan fa? Haya na ɗauko su?"

Auta ya ja shi gefe, bakin ƙofa, inda ƙamshin katako ya fi ƙarfi. Ya ce da Yaya ya dakata tukuna, a sake shawara, ƙaramar ma ba laifi, ana iya lallaɓawa da ita. Maganar da ya shirya ke nan, amma da ta fito sai ta fito a sanyaye, babu dabaibayi a cikinta, babu abin da shi ya yi da hannunsa. Fuskar Yaya ta canza.

"Kai ma raina ni za ka yi? Kana ganin ban kai in saya wa 'yata abu mai kyau ba?"

"Ba haka nake nufi ba."

"To me kake nufi? Jiya na tambaye ka tsakaninka da Allah. Akwai abin da ba ka gaya mini ba ne?"

Ƙofa ce Yaya ya buɗe masa, a wangale. Injin bai gama hawa mota ba, mai sayen yana tsaye, ana iya fasawa. Amma yanzu gaskiyar ta ƙara nauyi. Jiya cewa kawai zai yi ƙaramar tana da kyau. Yau sai ya ce ya kalli idon yayansa ya bar shi ya faɗa rami, a gaban 'yarsa, don ya tsira da albashi. Ya ji tsoron fuskar da Yaya zai yi fiye da yadda ya ji tsoron Manaja.

"Babu komai, Yaya," ya ce. "Tausayin ka kawai na ji."

Yaya ya sake, ya dafa kafaɗarsa ya girgiza. "Bar tausayi, ɗan'uwa. Je ka kama musu, kai ne mai sauran ƙarfi."

Ya je ya kama. Da shi aka tura injin ya ƙarasa shiga mota.

* * *

Ranar da aka zo ɗauka, Manaja da kansa ya naɗe kwalin, ya ƙara musu jaka kyauta. Bayan sun fita ya bugi bayan Auta a gaban kowa ya ce ashe shiru-shirun nan na mugunta ne, wanda ya iya sayar wa yayansa ai ya gama makaranta. Doguwa da Sarkin Surutu suka yi dariya, amma Doguwa ba ta daɗe tana yi ba. A ƙarshen wata ba a kori kowa ba. Mai shago ya ce a ƙara wata ɗaya a gani, da sharaɗi iri ɗaya.

Matarsa ba ta sake ta da maganar ba. Ta haihu lafiya, namiji. Da Yaya ya zo barka ta yi kamar barci ya ɗauke ta.

Auta ya yi ta ja da baya da zuwa gidan yayan nasa, yau aiki, gobe jariri, har sai da matar Yaya ta aiko a tambaya ko an yi masa laifi ne. Ya je wata ranar hutu da la'asar. Tun daga bakin layi ya lura da abin da ya ɓace: ƙarar da takan cika unguwar babu ita. Sai wani sauti a hankali, ja da turawa, yana yi yana tsayawa.

Ya fara shiga cikin gida ya gaisa. Likita tana zaune a dakalin tsakar gida, ta zo hutun ƙarshen mako, littafin jinya a buɗe a cinyarta. Ta duƙufa a kan wayarta mai tsagaggen gilashi tana rubutu da manyan yatsunta biyu.

"Me ake rubutawa haka?"

"Aikin makaranta ne, Baba Ƙarami. Jibi za a karɓa."

"A waya? Ina kwamfutar?"

Uwar ce ta amsa daga bakin murhu. Ta ce ai tana ciki, a kabad, an naɗe ta a bargo. Makon farko aka sace kwamfutar wata yarinya a ɗakin kwanan ɗalibai, tun daga nan uban ya ce wannan ba za ta kwana a waje ba. In Likita ta zo gida takan buɗe ta, in akwai wuta. Ta faɗi haka da alfahari, ta ce maƙwabta har zuwa suke yi a nuna musu.

Da uwar ta shiga ɗaki, yarinyar ta ajiye wayar a kan littafin.

"Wadda muke gado ɗaya sama da ƙasa tana da irin ƙaramar nan," ta ce. "Ta shagonku. Iri ɗaya sak, har launin."

Auta ya kawar da kai.

"Ita nake ara in tawa wayar ta mutu. Gudu take kamar me. Ban taɓa ganin zoben nan a kanta ba."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma kawar da ido ba. Idon ubanta ne da ita.

"Ban gaya wa Baba ba," ta ce. "Kullum sai ya ce Allah ya yi maka albarka, ka hana shi sayen rubabben kaya." Ta ɗauki wayarta. "Ka je ku gaisa, tun ɗazu ya ji muryarka."

Shagon kafintan ya yi faɗi. A tsakiyar daɓen akwai wani fili mai kusurwa huɗu da ya fi sauran haske, da ramukan ƙusoshi a gefensa. Warin man zafi ya danne ƙamshin katako. Yaya ya ɗora wani dogon katako a kan benci, ya taka shi da gwiwa, yana yanka da zarto. Ƙofofin gidaje babu ko ɗaya, sai kujeru biyu masu karyayyun ƙafafu suna jiran layi. Yakan ja sau da dama, ya tsaya ya murza kafaɗarsa ta dama, ya ci gaba.

"Ka ga ɗan halak," ya ce, yana haki, yana murmushi. "Ina maigidan namu sabo? Yana barin ku barci?"

"Yana nan lafiya. Yaya, kafaɗar ce?"

"Tsufa ne, ba komai ba. Ka ga kayan 'yarka? Ko ƙwarzane babu." Ya share goshi da bayan hannu. "Zo ka riƙe mini bakin can, yana ta rawa, layin yana karkacewa."

Auta ya zagaya ya kama ƙarshen katakon da hannu biyu.

"Danne da kyau."

Ya danne. Yaya ya gyara tsayuwa, ya cije leɓe, ya tura zarton. Kowane ja sai Auta ya ji shi ya biyo katakon ya shigo tafinsa, da ɗan tsaikon da ke zuwa duk lokacin da kafaɗar ta ƙi. Garin katako yana zuba a hankali a kan takalminsa na zuwa aiki, layin fensirin kuma da sauran tafiya.